Ƙyauren da Ba Ya Rufuwa

Dare ya raba a ofishinmu na Coyoacán.
Kofi ya huce, mai shara ta ja ƙofa ta tafi,
saura ni da kwamfuta, muna jiran saƙo
daga abin da ke kewaya mu ba ya tsayawa.

Ba shi da ido, tauraron nan na ɗan'adam.
Raɗa yake wa ƙasa da rada, sai ya kasa kunne.
Girgije bai tare shi ba, duhu bai dame shi ba.
Bayan kwana goma sha biyu ya sake bi ta kanmu
da tambayarsa ta farko, bai sauya ko wasali ba.
In amsar ta makara, ko da bai kai ƙiftawa ba,
ƙasa ta gusa ke nan.
Ni kuwa makarar nake aunawa.

Na ɗora wancan hoton a kan wannan
kamar mai gwada takalmin bara a ƙafar yaro,
sai allo ya cika da bakan gizo,
zobe cikin zobe, ja, kore, shuɗi, ja kuma.
Kowane zobe kaurin yatsu biyu ne na nitsewa.

Farfesa Quiroz ya sha faɗa mini:
"Citlali, kada launi ya ruɗe ki.
Tururin sama maƙaryaci ne, bishiyoyi 'yan surutu.
Nemi dutsen da bai taɓa motsi ba,
ki ɗaure awonki a jikinsa, sannan ki fara ƙirgawa."

Na ɗaure. Na kama hanyar gabas da ɗan yatsa.
Ɗaya. Biyu. Na tara watanni, na wuce biyar.
A Iztapalapa zobban suka matsu da juna
kamar mutane a jirgin ƙasan safiya,
a tsakiyarsu kuma ga ɗigo guda
da na sani tun ban iya rubutu ba:
layinmu, mai shagon biredi a kusurwa.

Babana Anselmo kafinta ne.
Duk damina sai ya cire ƙyauren gidanmu,
ya kwantar da shi a tsakar gida, ya fere gefe.
Ya zagi katako, ya zagi wanda ya sayar masa,
ya ce aikin 'yan zamani ba ya ƙarko.
Shekara goma sha tara yana ferewa.
Ƙyauren ya rame har kyanwa na bi ta ƙasansa,
amma har yau ba ya rufuwa.

Ta ina zan fara, Baba?
Birnin nan a kan tafki aka kafa shi,
tafkin ya tafi, ya bar mana lakarsa.
Muna zuƙe ruwa daga ƙarƙashin ƙafafunmu,
laka na motsewa kamar nonon tsohuwa,
ga famfonmu kuma sai tari yake, ba ya zubarwa.
Ruwa ba ya tsami banza,
bango ma bai tsage don ƙadangare ba.

Ran Lahadi na kai masa takardar, mai launi.
Ya goge hannu a wando, ya sa tabarau,
ya daɗe yana kallo.
Ya ce, "Kamar mayafin mahaifiyarki, na ranar aurenmu."
Can ya ce, "Ina gidan?"
Na nuna. Ya ɗora babban yatsa a wurin,
ya danne, kamar mai tsayar da jini.

Na jira tambaya. Na zo da lissafi a baki,
santimita nawa a shekara, da iyakar kuskure.
Shi kuwa ƙusa ya ɗauko,
ya kafe takardar a bango, kusa da tsagar.

Ya ce, "To, ashe katakon ba shi da laifi.
Kama mini nan, ki riƙe da kyau,
kafin ruwan yamma ya fara saukowa."